Teburin giciye na injin huda: yadda ake zaɓensa don ƙaramin wurin aiki na gida

Duk wanda ya taɓa huda ramuka huɗu a farantin ƙarfe, ya zo ɗaurawa ya tarar uku sun hau bulon ɗinsu na huɗu ya kauce, ya san matsalar da teburin giciye yake magancewa. Kaya ne mai nauyi, ba a samunsa a kowane shagon kayan ƙarfe na Maraɗi ko Tawa, kuma galibi sai an yi odarsa daga waje. Idan ya iso bai dace da injin mutum ba, mayar da shi ya fi sayensa wuya. Don haka zaɓen yana farawa tun daga gida, da mita a hannu, kafin a tura ko dala.

Mene ne teburin giciye

Faranti ne na ƙarfe da ake ɗaurawa a kan teburin injin huda na tsaye, wanda masu sana'a ke kira persez. Hawa biyu gare shi. Hawan sama yana zamewa hagu da dama, na ƙasa yana zamewa gaba da baya, hanyoyin biyu sun gitta juna, daga nan sunan ya samo asali. A takardun ƴan kasuwa na Faransanci ana rubuta shi « table croisée », kuma suna kiran tafiyar hagu da dama X, ta gaba da baya Y.

Kowane hawa yana da sanda mai haƙora irin na bulon a cikinsa, da hannun murɗawa a ƙarshenta, da zobe mai layukan awo kusa da hannun. Idan aka murɗa hannu, teburin ya matsa, zoben ya nuna iya nisan da ya yi. Ke nan maimakon a riƙa tura aiki da hannu ana lalube da ido, sai a ɗaure shi sau ɗaya, a riƙa kai shi ƙarƙashin meshi da lissafi. Dabarar tsohuwa ce. Wajen shekarar 1800 injiniyan Ingila Henry Maudslay ya yi suna da injin turne mai mazaunin wuƙa da sandar murɗi ke tafiyar da shi, kuma wannan tsarin ne ake gani har yau a injunan sassaƙar ƙarfe.

Akwai ɗan uwansa da ake yawan rikita su, wato eto na giciye. Shi eto ne mai baki biyu da aka ɗora kai tsaye a kan hanyoyin zamiya. Ya fi araha, amma abin da bakinsa ya iya kamawa kaɗai yake riƙewa. Teburi kuwa fili ne a shimfiɗe: ana iya ɗora masa eto, ana iya danne faranti mai faɗi ko wani abu mai murɗaɗɗiyar siffa.

Wa yake buƙatarsa

Mai walda da ke ƙera ƙofofi da tagogi, wanda kuskuren milimita ɗaya ba ya ɓata masa aiki, ba ya buƙatarsa. Alama mai kyau da eto mai ƙarfi sun ishe shi. Teburin yana biyan kuɗinsa ne a wurin wanda ramukansa dole su dace da na wani abu da aka riga aka ƙera: mai gyaran injin ban ruwa da zai yi sabon murfi, mai haɗa injin niƙa da zai yi mazaunin moto, mai gyaran babur da bulon ya karye masa a cikin ƙarfe yana so ya huda tsakiyarsa daidai, kafinta mai jera ramuka a layi, da mai gyaran kayan lantarki ko maƙerin azurfa da ke aiki a kan ƙananan abubuwa.

Tambayar farko ke nan: mene ne abu mafi girma da ake hudawa a kai a kai, kuma da wane irin ƙarfe aka yi shi? Amsar ita ce take nuna girman teburin da irin ƙarfensa.

A fara da auna injin

Awo uku ake yi a jikin injin huda.

Na farko, tsayi. A sauke teburin injin har ƙasa, a auna daga fuskarsa zuwa bakin mandaran, wato kan da ke riƙe meshi. Daga wannan adadi za a cire kaurin teburin giciye, da na gindin eto, da na aikin, da tsawon meshi. Misali, a ce an samu milimita 350. Teburin giciye ya ci 120, gindin eto ya ci 50, aikin 30. Meshi na milimita 10 da aka saba gani tsawonsa 133 ne, kuma wajen 100 ke fitowa daga mandaran. Jimla 300, saura 50, aiki zai yiwu. Amma a ƙaramin injin da ke da 250 kacal, wannan teburi bai shiga ba ko kaɗan. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma ba a ganinsa a hoto.

Na biyu, nisan da ke tsakanin ginshiƙin injin da tsakiyar meshi. Idan teburin ya yi faɗi, zai bugi ginshiƙi kafin ya gama tafiyarsa ta baya, rabin abin da aka biya ya tafi a banza.

Na uku, tsagogin da ke jikin teburin injin, inda bulon zai ratsa. A auna tazararsu, a gwada da ta ramukan gindin teburin giciye. Idan ba su dace ba, ana yanka farantin ƙarfe mai kaurin milimita 10 a sa tsakani, a huda shi ta ɓangarori biyu, sai dai shi ma zai ci nasa rabon tsayin.

A kuma duba ƙarfin teburin injin kansa. Na ƙananan injuna hannu ɗaya ne ke riƙe shi a jikin ginshiƙi, yana sunkuyawa idan an ɗora masa nauyi ana dannawa. A irin wannan hali ana juya shi gefe, a ɗaure teburin giciye a kan gindin injin, ko a tokare shi daga ƙasa da guntun ƙarfe.

Tafiya ta fi faɗin fuska muhimmanci

Ƴan kasuwa sun fi tallata girman fuskar teburi, amma abin da ke aiki shi ne nisan da yake iya tafiya, kuma kullum tafiyar ba ta kai tsawon fuskar. Ƙaramin teburin KT 70 na kamfanin Proxxon na Jamus fuskarsa milimita 200 ce a kan 70, amma tafiyarsa 134 ce hagu da dama, 46 gaba da baya. Babban wansa KT 150 yana da fuskar 200 a kan 200, tafiyarsa 150 ta kowane ɓangare. Wanda ke son ramuka biyu masu tazarar milimita 160 a kan layin tafiya ɗaya ba zai same su a ɗauri ɗaya ba ko da na biyun.

Ko tafiyar da aka rubuta ma ba dukanta ce mai amfani ba. Idan teburin ya kai ƙarshe, yawancin jikinsa yana rataye a iska, ɗan guntun hanya ne kawai ke riƙe da shi, danna meshi kaɗan sai ya karkata. Gara a zaɓi wanda tafiyarsa ta ɗara abin da ake buƙata, a riƙa aiki a tsakiya. Kuma a tsakanin tebura biyu masu tsawo ɗaya, wanda sirdinsa na tsakiya ya fi faɗi shi ya fi tsayawa daram.

Ƙarfen zubi ko alminiyom

Ƙarfen zubi, wanda ake kira font, ya ninka alminiyom nauyi fiye da sau biyu da rabi: lita ɗaya tasa wajen kilo 7,2 ce, ta alminiyom 2,7. Ya fi shi ƙin lanƙwasa, yana kuma shanye girgiza saboda ɓarɓashin gawayin da ke cikin jikinsa, shi ya sa ake zuba gangar jikin manyan injuna da shi. Aibinsa biyu ne: yana tsatsa da damina, kuma idan ya faɗi a kan siminti yana iya tsagewa.

Alminiyom ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, ya dace da ƙaramin injin da ke huda itace, roba, tagulla da allunan kayan lantarki. Amma yana da laushi. Ɓarɓashin ƙarfe da yashi suna karce hanyoyinsa, bulon da aka matse da ƙarfi yana cin leɓen tsagarsa. Zafi ma ya fi taɓa shi: tsawon milimita 300 na alminiyom yana ƙaruwa da kusan 0,14 idan zafi ya hau da digiri 20, font kuwa bai kai rabin haka ba. Irin wannan bambanci tsakanin asuba da azahar ba baƙon abu ba ne a rumfar kwano cikin watan Afrilu, shi ya sa mai aikin tsanaki yake gama ramukan abu guda a zama ɗaya.

Akwai dogayen teburan alminiyom masu araha da suka cika shafukan ciniki na intanet, masu kyau a hoto. Suna da amfaninsu a aikin itace da roba. Wanda ya saye su don huda baƙin ƙarfe da meshi mai kauri kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙaramin teburin font ya fi babban teburin alminiyom ga mai aikin ƙarfe.

Zoben awo: milimita ko inci

A Nijar da milimita ake aiki, bulon da kayan gyara ma haka suke zuwa. Amma teburan da aka ƙera don kasuwar Amurka da inci suke, kuma suna shigowa cikin kaya ba tare da an lura ba. Inci ɗaya milimita 25,4 ne. A irin waɗannan tebura, murɗi ɗaya yakan ba da 2,54 ko 3,175, lissafin da zai gajiyar da mutum a kowane rami.

A tambayi nawa murɗi ɗaya yake bayarwa. Lamba mai sauƙi ake so: milimita 1 kamar a KT 70, ko 2 kamar a KT 150, ko 4 a wasu manya. A ce za a huda ramuka huɗu a kusurwoyin fili mai 60 a kan 40. A teburin da ke ba da 2, murɗi 30 ne da murɗi 20, shi ke nan. A na inci mai 2,54, tazarar 60 ta zama murɗi 23 da fiye da rabi, sai an zauna da alƙalami. Wasu tebura masu araha da sandar bulon ta M8 ake yinsu, mai ba da 1,25 a kowane murɗi, ita ma tana da wuyar lissafi. Haƙoran sandar kirki masu faɗin kai ne, irin na sandar eto ko ta jak ɗin mota. Masu tsini irin na bulon sun fi saurin cinyewa.

A duba kuma ko zoben yana juyawa shi kaɗai a mayar da shi sifili ba tare da teburin ya motsa ba. Wannan yana sauƙaƙa aiki ƙwarai: a tsaya a rami na farko, a sa sifili, a ƙirga daga nan. Layi ɗaya na zoben yakan zama 0,05 ko 0,02. Layukan da aka sassaƙa a ƙarfe sun fi na takardar da aka manna, wadda mai ke ɓarewa cikin ƴan watanni.

Wasa iri biyu

Wasa na farko na sandar murɗi ne. Idan aka juya hannu baya, yakan ɗan yi tafiya a banza kafin teburin ya fara motsi. Babu teburin da ba shi da wannan, ko mai tsada. Maganinsa al'ada ce: kullum a iso wurin da ake so daga ɓangare ɗaya. Idan an wuce, a koma baya da cikakken murɗi ɗaya, sannan a sake tahowa. Wasu suna ɗaure ma'aunin zamiya na lantarki a gefen teburin, ya riƙa nuna ainihin inda teburin yake, wasan sanda bai shafe shi ba.

Wasa na biyu na hanyar zamiya ne, kuma shi ne mai ɓata aiki. Hanyar tana da kafaɗu a karkace da ke hana hawan sama ɗagawa, a gefe ɗaya kuma akwai siririn harshen ƙarfe da ƙananan bulon uku ko huɗu ke turawa. Da su ake matse hanyar har teburin ya daina lako-lako amma bai cije ba. Teburin da ba shi da wannan harshe ba ya gyaruwa idan ya saki, kada a saye shi. A tabbata kowane ƙaramin bulon yana da notin da ke kulle shi, kuma kowane hawa yana da maɗaurin da ke tsayar da shi cak lokacin huda.

Tsagogi da kayan ɗauri

A fuskar teburin akwai tsagogi masu siffar harafin T a kife, inda ake zura noti na musamman don danne aiki. Faɗin bakin tsagar shi ke nuna bulon da zai shiga: ta milimita 8 ta M6 ce, ta 10 ta M8, ta 12 ta M10, ta 14 ta M12. Yana da kyau a yi odar notin da madannai tare da teburin. Idan ba a samu ba, mai injin turne ko mai haƙuri da zarto da magagari yana iya yinsu. Abin da za a guje wa shi ne zura kan bulon na kasuwa a tsagar a matse: wuri kaɗan yake kamawa, yana iya ɓalle leɓen font. Kada kuma bulon ya zarce noti ya tokare ƙasan tsaga, shi ma yana fasa leɓen.

Abin da teburin ba zai yi ba

Da yawa suna sayensa da fatan injin hudarsu zai koma injin sassaƙar ƙarfe, su riƙa yanka kwari da share fuska. A nan hatsarin yake. An ƙera injin huda don ya danna ƙasa kawai. A yawancinsu, mandaran yana zaune ne a kan sanda mai tsukewa, ƙirar da Ba'amurke Stephen Morse ya fito da ita a shekarun 1860, kuma matsi kaɗai ke riƙe da ita. Danna ƙasa yana ƙara mata kamu. Turi daga gefe da girgiza kuwa suna kwance ta, sai mandaran ya faɗo yana juyi da wuƙa a bakinsa. Injin sassaƙa na gaskiya yana da dogon bulon da ke ratsa sandar daga sama ya riƙe kan, injin huda ba shi da shi.

A itace da roba ana iya yin ɗan kwari a hankali, kaɗan-kaɗan. A ƙarfe, hanyar da ta fi aminci ita ce a jera ramuka kusa da kusa da taimakon teburin, sannan a haɗe su da magagari. Wanda aikinsa na kullum yankan kwari ne, gara ya tara kuɗin ƙaramin injin sassaƙa, ko ya ci gaba da kai wa masu shi.

A kowane hali, a danne aiki da bulon, kada a riƙe da hannu. A sa tabarau. Kada a sa safar hannu kusa da abin da ke juyi, a naɗe hannun riga, a cire rawani ko duk wani mayafi mai lilo.

Gwaji kafin a biya

Idan teburin yana gaban mai saye, sabo ne ko na hannu irin wanda akan ci karo da shi cikin tsofaffin injuna a kasuwar Katako ta Yamai ko Ƙofar Ruwa ta Kano, minti goma sun isa a san halinsa.

A murɗa kowane hannu daga farko har ƙarshe. Nauyin murɗin ya zama ɗaya. Idan yana sako-sako a tsakiya yana cijewa a ƙarshe, hanyar ta cinye ko ba a share ta daidai ba, kuma matse harshe ba ya gyara wannan. A kai teburin ƙarshen tafiyarsa, a kama shi da hannu biyu a girgiza. A yi murɗi goma, a auna da ma'aunin zamiya a ga ko tafiyar ta yi daidai da abin da zoben ya ce. A danne ma'aunin kusurwa a fuskar teburin, a sa ƙusa mai tsini a mandaran ko a riƙe ta a wuri ɗaya, a bi gefe ɗaya na ma'aunin da tafiyar hagu da dama har ya daidaita, sannan a bi ɗaya gefen da tafiyar gaba da baya. Idan tsinin yana nisanta, hanyoyin biyu ba su gitta daidai ba, kuma duk aikin da za a yi a kansa zai fito a karkace. Daga ƙarshe a kifa shi a duba tsaga, da wuraren da aka cike da fenti.

Saye daga nesa

Wanda zai yi oda ta hannun ɗan kasuwa ko ta intanet ya nemi lambobi bakwai a rubuce: girman fuska, tafiyar hagu da dama, tafiyar gaba da baya, tsayi, faɗin tsaga, abin da murɗi ɗaya ke bayarwa, da nauyi. Nauyin ya fi hoto faɗin gaskiya. Tebura biyu masu girma ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ya fi ƙarfe a jiki. Sai dai nauyin nan shi ne kuɗin dako. A jirgin sama da kilo ake biya, dakon teburin font yana iya zarce farashinsa. Ta ruwa ya fi sauƙi amma sai an yi haƙurin watanni. A haɗa farashi da dako da kuɗin duwan kafin a yanke shawara, a kuma roƙi a cire hannayen murɗawa a naɗe su daban, domin su ne ke fara karyewa ko lanƙwasa sanda a hanya.

Kulawa

Sabon teburi yana zuwa da man kariya mai danƙo, wani lokaci har da yashin zubi a lunguna. A kwance shi, a wanke da kananzir, a goge kaifin gefuna da magagari mai laushi, a shafa mai, a mayar, sannan a daidaita harsunan. Wannan aikin na yini ɗaya yakan mayar da teburi mai matsakaicin kuɗi abin dogaro.

A hanyoyin zamiya mai ake sawa, ba giris ba. Giris yana kama ƙurar hunturu da ɓarɓashin ƙarfe su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su riƙa cin hanyar a hankali. Idan babu man da aka yi don haka, sabon man mota yana yi. A share ɓarɓashi da buroshi bayan kowane aiki, a shafa wa fuskar mai da damina, a rufe da tsumma ko buhu. Kada a yi walda ko gurza ƙarfe kusa da shi a buɗe, domin tartsatsin yana mannewa a fuskar, ƙurar dutsen gurza kuma ta fi yashi ci. Idan wasa ya fara dawowa bayan wasu watanni, a sassauta notin kulle, a ƙara wa ƙananan bulon ɗin kaɗan-kaɗan daga na tsakiya, a gwada tafiyar har ƙarshe, sannan a kulle.